Babbar Riga da Bel ɗin Injin Shinkafa

A shekarun da nake aikin duba lafiyar wuraren sana'a, ofishinmu yana Nguru, amma kusan rabin aikina a Gashuwa yake. Aikin ba shi da wuya a takarda. Ka shiga wuri, ka duba abin da zai iya raunata mutum ko ya sa masa ciwo, ka rubuta wanda abin zai shafa da matakin da ya kamata a ɗauka, sannan ka gaya wa mai wurin. An koya mana auna ƙara da ƙura da zafi. Ba a koya mana abin da za mu yi ba idan mai dubawa Bafillace ne, mai wurin kuma Babarbare.

Wurin injin casar shinkafa ne a kusa da kasuwa. Injin dizal yana gefe, na casa yana ɗaya gefen, tsakaninsu kuma dogon bel yana gudu tsirara, ba murfi, daidai ƙugun mutum. Mai wurin wani Alhaji ne, dattijo mai jiki, wanda bai yarda kowa ya taɓa masa inji ba. Shi yake tayarwa, shi yake zuba mai, shi yake sunkuyawa ya saurari ƙararsa. Duk wannan yana yi ne cikin babbar riga, irin mai faɗin nan ta Barebari. Ranar farko na ga hannun rigar yana lilo, tsakaninsa da bel bai fi taki ɗaya ba. In ya kama, ba riga kaɗai zai ja ba.

Na yi sallama, na faɗi daga inda nake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan hancina.

"Wushe, wushe!" in ji shi, da gaisuwar Barebari. "Ashe bawana aka aiko mini. Ina ka baro shanun?"

Kowa a ƙasarmu ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawa, kowanne yana iya zolayar ɗayan, har ya ɗauke masa hula, kuma fushi a nan abin kunya ne. Na rama daidai gwargwado, domin rashin ramawa ma raini ne. Bayan nan na gyara murya.

"Alhaji, maganar gaskiya yanzu. Bel ɗin nan zai iya cire maka hannu."

Ya juya wajen masu ɗaukar buhu. "Kun ji? Mutumin da bai taɓa ganin inji ba sai ƙwaryar nono!"

Suka fashe da dariya. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Ya ce ai duk Bafillace haka yake cewa kafin ya yi ƙarya.

Mako biyu bayan haka na dawo da takarda mai hatimi. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka karanta masa, ya jinjina kai, ya ce bai taɓa ganin bawan da ya wahalar da kansa haka don ya tsokani ubangijinsa ba, har da sayen hatimi. Sannan ya sa aka kawo mini fura, wai kada in suma.

Sai na nemi taimakon abokin aikina, wani ɗan ƙabilar Bade mai natsuwa, wanda ba wasa tsakaninsa da Alhaji. Ya je shi kaɗai, ya yi bayani tiryan-tiryan. Da ya dawo na tambaye shi yadda suka yi.

"Ya saurare ni har ƙarshe," in ji shi. "Sannan ya tambaye ni akuya nawa ka ba ni."

Ina da ikon rubuta a rufe wurin. Amma lokacin kaka ne, shinkafa tana ta shigowa daga fadama, kuma mutane da yawa a nan suke samun na tuwo. Bayan haka na san ko an rufe, ranar da aka buɗe zai dawo da rigarsa, bel ɗin kuma yana nan yana jira. A mota, tsakanin Gashuwa da Jajimaji, na ga inda kuskurena yake: ina ta ƙoƙarin fita daga wasan, alhali babu ƙofar fita. Abin da ya rage shi ne in shiga sosai.

Na koma wata Laraba da azahar. Na tarar ya cire rigar ya rataye a ƙusa, ya fita alwala, inji yana ta aiki. Shadda ce ruwan toka, da aiki a wuya. Na ce wa ma'aikata kowa ya ja da baya har jikin bango. Na ɗauki doguwar gorar da suke kakkaɓe rufi da ita, na saƙalo rigar a bakinta, na jira ya shigo.

"Kai, Ɗan Fillo! Ajiye rigar ubangijinka!"

Na miƙa gorar, na bar gefen hannun rigar kawai ya taɓa bel.

Ban ga tafiyarta ba. Na dai ji an fizge gorar daga hannuna, na ji ƙara kamar an yaga tabarma, injin ya yi tari biyu ya mutu. Rigar ta naɗe a jikin ƙarfen da ke juya bel, tam, kamar an murɗe wanki. Wurin ya yi tsit. Karon farko ke nan da na ji kukan kurciya a wannan rumfa.

Alhaji ya matso, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Ya ja wani tsumma da ya fito, ya duba. Hannun rigar ne. Ya ɗora shi a kan nasa hannun, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya daɗe yana kallo. Na ga fushi ya taso masa har wuya, na ga ya tuna ko ni wane ne, na ga ya haɗiye shi da ƙyar.

"Wannan rigar," ya ce a hankali, "ta fi duk garken ubanka daraja."

"Shi ya sa na gwada da ita, Alhaji. Hannunka ai ba wanda zai saya."

Wani cikin ma'aikata ya yi dariya ya toshe baki. Alhaji ya ce mu tafi masallaci. Da muka fito daga salla na nemi takalmana sabbi na rasa. Alhaji yana tsaye a gefe yana jan carbi, yana kallon sama. Haka na taka yashin azahar har tasha, ina tsalle daga inuwa zuwa inuwa.

Da na dawo bayan sati, an kewaye bel ɗin da ragar ƙarfe daga farko har ƙarshe, Alhaji kuma yana cikin 'yar shara mai gajeren hannu. Ya ce kada in yi zaton maganata ya ji. Ya sa ragar ne domin Fulani sun yi yawa a gari. Mai waldar da ya haɗa ragar yana tsugune yana ƙarasa ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Ya yi aiki mai kyau ƙwarai, kuma takalmana da ke ƙafarsa sun yi masa daidai.