Dije Mai Gashin Damina

Duk wanda ya bi ta unguwar Wambai da hantsi, ƙamshi ne zai ja shi zuwa gidan burodin Oga Chiemeka. A can ciki, gaban tanderu, zai tarar da wata gajeruwar mace ta ɗaure ɗankwali tamau, tana ba maza umarni ba tare da ta ɗaga murya ba. Dije ke nan, wadda kowa ke kira Maman Siddiq.

Mutuniyar Chaza ce. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta shigo gidan neman aiki, lokacin da facin taya da mijinta ke yi ya daina riƙe su. Aka ba ta abin da ake ba kowace mace: tebur da leda. Haka tsarin yake tun asali. Maza ke kwaɓi da gashi, mata na zuba burodi a leda suna ƙullewa, kuma albashin mai gashi ya ninka na mai leda. In ka tambayi dalili, sai a ce maka wuta ba ta mace ba ce, sai ka ce a gidajensu aljanu ke tuƙa musu tuwo.

Sai dai akwai abin da kowa ya sani, ba mai faɗa. Masu gashin nan manoma ne. Ruwan farko na sauka, Malam Tanko, babban mai gashi, zai wanke hannu ya nufi gonarsa ta Izom, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. To, wa ke gasa burodin da ake shan shayi da shi duk damina? Dije ce, da abokiyar teburinta Rahila. Oga kan ce, "Maman Siddiq, a taimaka mana kafin su dawo." Su taimaka wata huɗu cur, a kan albashin leda. Kaka na yi, maza su dawo, mata su koma tebur.

Damina goma Dije ta yi tana taimakawa. Ta laƙanci tanderun nan har ta kai in ta kara bayan hannunta a bakinsa, ta san ko a zuba ko a dakata. Tana son aikin, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar komawa tebur ce ke ci mata rai.

Bara waccan, ruwa ya sauka, Tanko ya tafi. Washegari kwaɓi ya tashi a gwangwanaye, masu babur da ke raba burodi shaguna suka cika ƙofa, Dije da Rahila kuwa na zaune a tebur suna jera leda a natse. Natsuwar a fuska ce kawai. Dije ta san Oga na iya nuna mata ƙofa, ga 'ya'ya uku a makaranta.

Oga ya shigo da sauri. "Maman Siddiq, wetin happen? Ba a hura wuta ba?"

"Oga, ai wuta ba ta mace ba ce," in ji Dije. "Mu masu leda ne. A kawo burodi mu ƙulle."

"Haba, ki taimaka mana kamar kullum."

Ba ta ja maganar ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora hannuwanta a kan tebur. Tabon ƙuna ne a jere, tsoho da sabo, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Rahila ma ta naɗe nata.

"Leda ba ta ƙona mutum, Oga," in ji Dije. "In mu masu gashi ne, a kira mu masu gashi, a ba mu abin da ake ba Malam Tanko, rani da damina."

Oga ba mugu ba ne, ya dai tarar da tsari ne ya ga yana masa sauƙi. Ya dubi hannuwan nan, ya dubi kwaɓin da ya fara tumbatsa, ya sosa ƙeya, ya ce ya yarda, a hura wuta. Dije ta ce ya maimaita a gaban kowa, ya kuwa maimaita.

Saura dawowar Tanko, wadda ta fi damunta. Shi ya fara nuna mata yadda ake jera itace, kuma ba ta so a ce ta raba shi da abincinsa. Da kaka ta yi, ya shigo ya tarar da ita a wurinsa. Ya ɗauki burodi ɗaya mai zafi, ya tsaga, ya shinshina.

"Iyalina sun daɗe suna cewa burodin damina ya fi na rani laushi," ya ce. "Ni kuma ina ta ce musu sanyin gari ne."

Dije ta yi dariya har da ƙwalla. A nan suka raba aikin, ita da Rahila safe, shi da mutanensa yamma.

Yau in ka gan ta tana fito da gwangwanaye, tana tsokanar masu babur, ka san hankalinta a kwance yake. Duk macen da ta zo neman aiki a gidan, Dije ke tarbarta. Tun kafin ta tambayi sunanta, takan nuna mata tebur, ta nuna mata tanderu, ta ce, "Ƙanwata, wanne kike so ki koya?"