Ɗan Maƙerin da Wuta Ta Ci

Kullum asubar fari, kafin jama'a su fito daga masallaci, Halliru ya riga ya durƙusa a maƙerar Ƙasimu ta bakin ganuwar Goronyo, yana shafa wa fatar zuga-zugi man shanu don kada ta tsage. Da hannun hagu yake shafawa. Na daman a dunƙule yake, yatsun sun manne da tafi, sai ya ɗaura igiyar zuga-zugin a wuyan hannun ya ja. Ni ke kawo musu gawayin ƙirya a kan jaki, a nan na san shi. Duk wanda ya tambayi hannun, sai ya ce ɗan manomi ne shi, yana rarrafe ya faɗa murhu.

Ba haka ba ne. Ɗan fari ne ga Gajere, babban maƙerin Rabah. Ya tashi yana ƙirar kalme, wato fartanya, da lauje tare da ƙanensa Mode, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Maƙera suna da wasa bayan kaka. A buga dundufa, gangar maƙera, a gasa ƙarfe ya yi ja, ƴaƴan gida su ɗauka da hannu, su goga a jiki, don a ga wuta ba ta cin jinin maƙera. Malamai ba sa so, amma ana yi. Shekarar da aka fara fito da ƴaƴan Gajere, uban ya shafa musu magani iri guda daga ƙwarya guda. Mode ya ɗauka, ya juya, ya ajiye, mata suka yi guɗa. Halliru ya damƙa, sai ƙauri ya tashi. Da ƙyar aka ɓamɓare ƙarfen daga tafinsa. Makaɗa suka dakata, wani tsoho a bayan taro ya ce wuta ba ta cin ɗan halas. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Gajere bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya kwashe kayansa ya shige gida. Habi, uwar Halliru, ta kasa zuwa rijiya saboda idon mutane, ta koma wurin danginta a Achida, can ta rasu. Ƙunar hannun ta warke kafin damina, maganar ta zauna.

Halliru ya ɗauka idan ya ci wutar sau ɗaya, ya wanke uwarsa ya wanke kansa. Ya sha rubutu a Wurno, ya yi wankan sassaƙe, ya bi masu magani har ƙauyukan fadama. Duk maganin da aka ba shi sai ya keɓe ya gwada da garwashi a dantse. Na ga dantsen, tabo kan tabo. Da ya gaji ya zo Goronyo, lokacin ana yawan kawo hari, maƙera suna neman mai zuga don ƙirar kibau. Bai nemi guduma ba. Ya ce gara a kira shi ɗan manomi da a tambaye shi ɗan wa. Bai yi aure ba, don wai ba shi da sunan da zai ba yaro.

Gemunsa ya yi furfura sannan Mode ya zo, ya ce tsohonsu ya makance, yana kwance, ba a sa ran tashinsa. Halliru ya bi shi Rabah da ƙafa, bai tsaya cin abinci a hanya ba. Magana ɗaya ya je nema.

Gajere ya lalubi hannun, ya shafa shi, ya tambaya ko yana yi masa tsami lokacin ɗari. Halliru ya ce yana yi. Sai tsohon ya shiga zancen wanda zai riƙe uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan aiki a kai, ya ce Mode ne. Halliru ya bari ya gama.

"Baba, ni ɗanka na?"

Tsohon ya ce:

"Wuta anka tambaya ran nan, ba ni ba."

Ya juya fuska bango. Bai ƙara wata magana a kai ba har aka kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar bakwai Mode ya ja shi gefe. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce ya samu wani magani mai ƙarfi daga maƙeran Zamfara, yaya ya tsaya a yi wasan bana, ya sake ɗauka da hagu a gaban jama'a. In ya tsira, maƙera tasu ce su biyu, bakin kowa ya mutu. Halliru ya ce mini ya kusa yarda. Sannan ya dubi hannun hagun.

"Wanga guda ar rage min, da shi nika cin tuwo. Ba ni ba wuta shi."

Mode ya ce to mi za a hwaɗa ma mutane. Halliru ya ce a faɗa musu ya koma aiki.

Da ya dawo Goronyo ya sami Ƙasimu, ya faɗa masa sunan ubansa da abin da ya faru, bai rage komai ba. Ƙasimu ya saurara, ya yi masa gaisuwar rashi. Kasuwa biyu ba ta zagayo ba ya ce ɗan ƙanwarsa zai karɓi zuga. Bai yi faɗa ba, ya dai ce maƙera sun fara magana, shi kuma yana da ƴaƴa mata da zai aurar.

Halliru ya koma gindin wata tsamiya a hanyar Wurno, ya kafa dutse a madadin uwar maƙera. Manoman da ba su iya sayen sabon kalme su ke kai masa gyara, su ba shi gero. Yakan ɗaure awartaki a dunƙulallen hannun, ya buga da hagu. Aikin bai kai na da ba, kuma ya sani. Wanda ya tambaye shi ɗan wa, ya ce na Gajere ne, na Rabah. Wasu su yi murmushi, ba wanda ya taɓa ce masa gaskiya ne.

Ganina da shi na ƙarshe, ina wucewa da jakina, ƙafafunsa sun kumbura, yana tari. Yana ɗinke wa wata tsohuwa laujen da ya tsage. Ya buga, ɗinkin ya sake buɗewa. Ya duba shi, ya gyara ɗaurin awartakin da haƙori, ya mayar da laujen cikin wuta.