Ranar da Gwaggo Ta Raina Bishiyata

Ranar wata Asabar da ƙarfe goma na safe, mu uku muka tsaya a tsakar gidan da nake haya a Ƙofar Kwaya: ni, da Alhaji mai gidan, da gwaggona mai saƙar tabarma, wadda ta zo daga Batagarawa. A gabanmu akwai bishiyar adon da na sayo a GRA tana ƙarama, na raine ta shekara huɗu. Ganyenta a buɗe yake kamar mafici. Alhaji ya ce a sare ta, domin a ganinsa giginya ce, kuma in ta girma 'ya'yanta za su lotsa masa kwanon rufi.

Na nuna masa fararen zaruruwan da ke lilo a bakin ganyen, na ce giginya ba ta da su, kuma 'ya'yan wannan ba su wuce girman wake. Bai gamsu ba.

Gwaggo ta tsaga ganye ɗaya da farce, ta naɗe a yatsa, ta ja. Nan take ya tsinke.

Ta ce, "Alhaji, tun ina yarinya nake saƙa da kaba. Wannan ba giginya ba ce, ba goruba ba ce. Ko tabarmar 'yar tsana ba za ta yi ba. 'Yar gayu ce, sai kwalliya."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, tunda kin raina ta, ni ma na daina tsoronta."

Ban taɓa jin daɗin a kushe abin da nake so ba irin na wannan rana. Ba a sare ta ba, kuma a daminar da ta biyo baya ta fitar da sababbin ganye shida.