Inna Yelwa da Ƙaiƙayin Ɗantani

Duk wanda ya tashi a Utai ya san Inna Yelwa, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta, don Allah bai hore mata yin magana a hankali ba. 'Yar firit ce kamar a hure ta ta faɗi, amma a zamaninta in ta kama taɓarya, sai mata biyu sun yi karɓa-karɓa kafin su kamo ta. Sussuka da sheƙa su ne sana'arta tun tana amarya. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata, da ƙwarya da faifai ta ciyar da su har ta kai kowacce ɗakinta. Tinƙahonta ɗaya ne a duniya: ba ta taɓa cin sadaka ba. Ko zakkar kono aka aiko mata, sai ta ce a wuce da ita gidan Gwadabe makaho, ita da sauranta.

Akwai wata al'ada a garin. In an gama sussuka an kwashe tsaba, abin da ya maƙale a cikin ƙaiƙayi na matan da suka yi aikin ne. Ba kyauta ba ce, haƙƙinsu ne, mai gona ma kunyar waiwayarsa yake ji. Su sake sheƙewa, su tsince tsakuwa, kowacce ta tafi da rabonta. Da wannan da ɗan ladan da ake auna musu Yelwa take kaiwa damina ba ta nemi kowa ba.

Sai inji ya zo. Wani Isyaku ne daga cikin Wudil ya sayo shi, yana yawo da shi gona-gona. A shimfiɗa tamfol, a tura zangarniya ta nan, tsaba ta fito ta can fes, ƙaiƙayi ya tashi gefe. Aikin da mata ke shafe kwanaki suna yi, kafin azahar an ɗinke buhuna. Ba za a ga laifin manoma ba, kuma matan aure har guɗa suka yi, don wanda bai yi kanta a hannu ba shi ke yabon taɓarya. Abokan aikin Yelwa suka watse, wata ta koma tuyar ƙosai, wata ta bi ɗanta Kano. Ita kuwa ta ce ta riga ta bushe, ba ta tanƙwaruwa.

Ta riƙa bin injin a baya da ƙwaryarta. Ta yini tana sheƙa, abin da za ta samu bai fi na kunun safe ba, don injin ba ya barin komai. Daga baya ƙaiƙayin ma masu turkar shanu suka fara saye tun da zafinsa. Yelwa ta rame har zaninta yana neman zagaya ta sau biyu, abin tausayi, amma bakin nan yana nan daram.

Ɗantani manomi ne, ɗan ƙawarta marigayiya Ikilima, kuma a bayan Yelwa ya yi rabin yarintarsa. Ya aika mata da gero, ta dawo da shi, har da saƙon cewa ba ta mutu ba tukuna. Sai ya sake dabara. Ranar da aka yi masa sussuka, da inji ya tafi, ya ɗebi tsaba ya watsa cikin tarin ƙaiƙayi ya cakuɗa da ƙafa. Masu shanu suka zo saye, ya ce su dakata, Inna ba ta sheƙa ba.

Washegari Yelwa ta ɗaga ƙwarya sama, iska ta kwashe ƙaiƙayi, sai ga gero yana zuba shaa a ƙasa. Ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Haka aka yi da dawa, haka aka yi da kaka ta zagayo. Kumatunta suka dawo. Da Yelwa mai shiru ce, da maganar ta tsaya a nan. Amma ina. Gidan suna, gidan biki, bakin rijiya, ba ta da hira sai ta injin Isyaku: ragon ma'aikaci, ga ci ga ihu, rabin hatsin mutane a ƙasa, sai tsohuwa ta bi bayansa tana gyara masa aiki.

Magana zarar bunu ce. Ta kai Lajawa, ta kai Dagumawa, manoma suka fara kiran wani injin. Isyaku ya kwance nasa ya canza rariya, bai ga abin da ya lalace ba. Da ya matsa da bincike, Ɗantani ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya, ya roƙe shi don Allah ya rufa. Ya rufa ɗin, iya ƙarfinsa, amma shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Ranar da abin ya fashe, a masussukar Ɗantani ne. Wasu manoma sun zo daga Dagumawa su ga aikin injin da idonsu kafin su kira shi. Sai ga Yelwa da ƙwarya a ka, tun daga nesa tana ce musu su tanadi tsohuwa irinta, in ba haka ba kaji za su yi wa noma. Baƙin suka dubi juna. Isyaku ya kashe injin.

"Iya, ki ji tsoron Allah ki bar mini abincina," in ji shi. "Injina ba ya zubar da ko ƙwaya. Ɗantani ne ke zuba miki da hannunsa in na tafi. Ga shi nan, tambaye shi."

Ta juya. Ɗantani ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsa.

"Ɗan nan, haka ne?"

"Inna, ke kika goya ni."

"Na goya ka," ta ce. "Ashe sadaka nake ci ina yi wa gari baki."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta nemi gafarar Isyaku a gaban baƙin, ta shaida musu injinsa lafiya lau yake, ta juya gida. Da yamma Ɗantani ya sake watsa gero a cikin ƙaiƙayin, ko za ta huce. Tarin ya yi kwanaki a wurin, kaji ne suka sheƙe shi. Faifanta kuwa ta aika wa Rahinatu matar Ɗantani, ta ce a riƙa rufe fura da shi.

Tana nan da ranta har yau, a ƙofar ɗakinta take yini. Ɗantani yana kai mata gero da kansa, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Kullum in ya doshi gidan, fatansa ta kore shi da kwanon kamar da, ta bi shi da baƙar magana har waje. Sai ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Allah ya ba da lada," a hankali, har sai ya sunkuya yake ji.