Senyo da Ƙullun Ɗakin Sanyi

Faɗana da Senyo Kpodo a ɗakin wanke kwalabe aka yi shi, wata Litinin da hantsi, hannuwana duk kumfa. Ya shigo ɗauke da wata roba mai shuɗin murfi, ya dire ta a gefen famfo, ko gaisuwa babu. Yaron da kullum sai ya rusuna ya ce, "Anti Adukwei, kin tashi lafiya?"

"Anti, ta wace ce wannan?"

Na kalle ta kamar ban taɓa ganinta ba, alhali tabon wutar da ke gefenta ma ni na yi mata. Ƙullun masara ne a ciki, na dokunu, tuwon nan mai tsami da ake naɗewa a ganye a dafa. Ƙanwata ce ke sayarwa a bakin ƙofar cibiyar binciken da nake wa wanki, ni ke kwaɓa mata. Lokacin zafi ne, ƙullu na wuce gona da iri wajen tsami, shi ne na samo dabarar tura shi ɗakin sanyi, bayan kwalaye, inda suke jera jan ruwan da suke ciyar da ƙwayoyin jini. Mako uku ina yi ba wanda ya gani.

"Ni 'yar sanda ce da zan san robar kowa a Accra?" na ce masa.

"Fumfuna ta cinye kwalayen da ke jikinta, Anti. Ta hau kwalaben ruwan. Ta shiga akwatin ɗumin da nake rainon ƙwayoyin. Kwalabena goma sha ɗaya, babu wadda ta tsira."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na yarfe kumfa na yo kansa. "Kai ɗan mai albasa! Tun kana yawo ba wando a Anloga nake wanke kwalaben gidan nan, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Don an rataya maka farar riga shi ne za ka zo ka yi mini shari'a? Je ka binciki hannunka!"

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kwalaben nan na Madam Ofeibea ne."

Na ja da baya na jingina da famfo. Madam Ofeibea 'yar kasuwa ce mai sayar da atamfa, ciwon daji ya kama ta a nono. Sau biyar tana zuwa da ƙafarta a ɗebi jininta, tana tsokanarsu wai su rage mata na komawa gida. Aikin gidan ke nan: su tsamo sojojin da ke cikin jinin mai ciwon, su raine su a kwalba, su koya musu gane cutar, su ga ko za su cinye ta. Ba wanda aka warkar da shi tukuna, nema ake yi. Amma nata sojojin sun fi na kowa cizo, wata bakwai Senyo na rainonsu. Ita kuwa an binne ta wata biyu kafin wannan Litinin. Ba inda za a koma a ɗebo.

Farfesa Ankrah, shugabar cibiyar, doka ɗaya gare ta da ba ta da roƙo: wanda ya shigo da abinci ɗakin gwaji, ranar zai tattara. Ta taɓa korar masinja kan gyaɗa a aljihu. Ni kuma saura shekara takwas in yi ritaya, ga jikoki uku da 'yata ta mutu ta bar mini.

Ran Laraba suka shiga taro. Na ɗauki tsumman goge ƙasa na tare a bakin ƙofar, tayil ɗaya na goge har ya kusa ramewa. Na ji Farfesa ta ce, "Daga ina ta shigo?"

"Laifina ne, Farfesa," in ji Senyo. "Ina sauri, ban goge kwalaben da sifirit ba."

"Kai? Kai da alƙalami ma sai ka goge kafin ka riƙe?"

"Ni ne, Farfesa."

Da yamma na tarar da robata ƙarƙashin wurin wanki, a wanke tas, an kife ta. Na ɗauke ta na tura a jaka.

Senyo ɗan manoman albasa ne, a wancan rairayin da ke tsakanin teku da tafki. Ya taɓa ba ni labari cewa tun yana shekara shida yake jan bokiti biyu daga rijiya, safe da yamma, domin albasar rairayi ba ta san Lahadi ba. Yini ɗaya ka tsallake, ka tarar ta kwanta. Uwarsa ta sayar da kwale-kwalen da ta gada ta kai shi makarantar koyon aikin gwaje-gwaje, daga nan ya zo mana a matsayin mai taimaka wa masu bincike, yana karatun digiri na biyu a gefe. Sauran ɗalibai 'ya'yan malaman makaranta ne da 'ya'yan likitoci, Turanci a bakinsu kamar ruwan famfo. Shi nasa Turancin sai ya tauna kafin ya fito da shi. Amma hannu! Ƙwayoyin da suka ƙi kowa, a ba Senyo, kwana uku ka ga sun cika kwalba. Ranar Kirsimeti ma sai ya zo ya canja musu ruwa. Ina ce masa, "Yaranka sun ci sun ƙoshi?" Ya ce, "Sun ci, Anti, saura ubansu."

A shekarar ne aka ba Farfesa gurbi ɗaya, ta tura mutum Jamus ya yi shekara uku ya dawo da digirin dakta. Har mai gadi ya san na Senyo ne. Bayan taron nan, Kobina Essel aka tura. Kobina ba mugu ba ne, yaro ne mai kai, sai dai shi kansa ya san takalmin wani ya saka.

Me na yi? Kowace Juma'a na naɗe dokunu biyu da soyayyen kifi da barkono, in tsaya a wajen ƙofa in miƙa masa. "Karɓi, ka rame kamar sandar rake." Ya karɓa ya ce, "Na gode, Anti." Shekara biyu muna haka. Bai taɓa tambayata dalili ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba. Ya san na sani, na san ya sani. Da ya gama karatunsa ya ajiye aiki, ya tafi, ko bikin sallama bai tsaya an yi masa ba.

Akwai al'ada a gidan. Duk wanda ya bar aiki, sai a rataye hotonsa a bangon baranda, Farfesa ta rubuta a ƙasa da hannunta inda ya tafi da abin da ya zama. Ban iya karatu ba, amma ni ke kakkaɓe musu ƙura, na san na kowa da ka. Kobina bai dawo ba, yana wani kamfanin magunguna can Turai, ya yi tumbi. Naa Lamiley, wadda ke kuka duk ranar da za a yanka ɓeraye, yanzu ita ke sayar wa rabin asibitocin garin nan safar hannu da kwalabe, da direbanta. Issahaku ɗan arewa yana koyarwa a jami'a. Wani ma fasto ya zama, ban yi mamaki ba, dama wa'azi ya fi iyawa da aiki. Kowa da rubutunsa, wani layi biyu, wani uku. Ƙarƙashin hoton Senyo fari fat. Farfesa ba ta yafe masa Madam Ofeibea ba. Har na yi ritaya, in na zo kan hoton nan sai in goge da sauri in wuce.

Shekara goma sha huɗu bayan waccan Litinin Farfesa ta zo ajiye aiki, aka haɗa mata biki, aka aiko mini da kati. An kafa rumfa a harabar gidan, tsofaffin ɗalibai sun zo daga ko'ina, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a faɗi abin da mutum ya zama, a tafa. Senyo bai zo ba. Da aka iso kansa mai sanarwa ya ce, "Senyo Kpodo," ya juya takarda ya duba bayanta, ya wuce na gaba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jikata na jan zanina tana cewa, "Kaka, zauna, ba ke aka kira ba."

"Sake ni! Yau ni na kira kaina."

Na tafi har gaban teburin manya. Ban nemi abin magana ba, muryata ta ishi kasuwa balle rumfa. Na faɗa musu da harshenmu, tiryan-tiryan: robar, ƙullun, mako ukun, da abin da na ji ta bayan ƙofa. Na ce, "Farfesa, ki kore ni yanzu in kina so, sai dai kin makara."

Wasu suka yi dariya, suka ga ba ta yi ba, suka haɗiye. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona.

"Adukwei," ta ce, "mako biyu ina jin tsami a ɗakin nan, na sa aka fasa magudanar ruwa ana nema. Ashe ke ce." Ta mai da tabarau. "Kin san abin da kika sa na yi wa yaron nan?"

"Na sani. Shekara goma sha huɗu ina kwana da shi."

Kobina ya sunkuyar da kai yana murza zoben hannunsa. Farfesa ta tashi, da sandarta, ta bar baƙi a zaune ta shiga baranda. Ta sa aka sauko da hoton. Ta tambayi Naa Lamiley inda Senyo yake, don ita ke sayar masa da kaya. Ta yi rubutu a ƙasa, sannan ta miƙo mini. "Ke kika ɓata, ke za ki kai. Ya gani, ki dawo da shi a rataye."

Ban bari kowa ya karanta mini ba. Na naɗe shi a zani, washegari na hau motar garin Ho da ledar dokunu a cinya.

A bayan gari na same shi, gindin dutse. Ya yi furfura a gemu, ga mata ga 'ya'ya mata biyu. Manoma sun yi layi da babura a ƙofar gonar, kowa na jiran dashen ayaba da agade. Ashe cuta ce ke cinye musu gonaki, shi kuma ya gano yadda zai yanki ɗan tsiro kamar ƙwayar shinkafa, ya raine shi a kwalba ba cuta, ɗaya ta haifi ɗari. Wata tsohuwa a layin ta ce mini, "Ke ma wurin Likitan Ayaba kika zo?" Na ce, "Ni na raine shi."

Da ya gan ni ya tsaya cak, sai ya rusuna. "Anti Adukwei! Ashe kina nan?"

"Da na mutu ai da ka ji an yi ganga. Nuna mini yaran naka."

Ya kai ni wani ɗaki mai farin fenti. A bakin ƙofa ya tare ni. "Cire takalmi. Ɗaure kanki. Wanke hannu har gwiwar hannu." Sai idonsa ya sauka kan ledar. Ya shinshina. "Anti, mene ne wannan?"

"Ni 'yar sanda ce?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Wannan kam gindin mangwaro za ta jira mu. Can nesa. Ƙara gaba!"

Ciki tsofaffin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi ne jere a kan katako, ɗaruruwa, kowace da ɗan koren tsiro a tsaye. Tukunyar da yake turara kwalabe don kashe cuta irin ta dafa wake ce, akwatin gilashin da yake aiki a ciki kafinta ne ya haɗa masa. Na ɗaga kwalba ɗaya na duba ta a haske, don aikina ne. Ba tabo ko ɗaya. Na ce, "Wa ke maka wanki?" Ya ce shi. Na ce, "Ba laifi. Kana koyo."

A gindin mangwaron na kwance zanin na ba shi hoton. "Karanta mini. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karanta a hankali, yana tauna kowace kalma kamar da: "Senyo Kpodo. Mai rainon dashen ayaba, Ho. Bai taɓa ɓata kwalba a gidan nan ba."

Ya kife hoton a cinyarsa. "Wa ya gaya mata?"

"Wa kake zato?"

"Anti, wa ya aike ki? Maganar da ta mutu tuntuni. Ni ban yi don a sani ba. Kuma dubi," ya nuna layin manoman da haɓa, "ba wahala nake sha ba."

"Na gani. Da ka je Jamus fa?"

Ya tsinki ganye yana yagawa. "Wani lokacin nakan tuna da sojojin Madam Ofeibea," ya ce. "In ce ko da sun kai wani wuri. Shi ke nan." Ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin gonar maƙwabci ne. Ba hayaƙi ko ɗaya a wurin.

Mai motar da zan koma ya fara danna ƙaho a bakin hanya. Na kwance ledar, na ɓare masa dokunu ɗaya, na tura barkonon gabansa, na naɗe hoton na miƙe. Tun ranar ban sake ganinsa ba, ƙafafuna ba sa doguwar tafiya yanzu. Sai dai duk damina yakan aiko mini da nonon agade, wanda ya fi ƙarfin ɗaukar mutum ɗaya.

Abin da na ce masa kafin in juya shi ne: "Senyo, robar nan tawa ce. Ni na kashe maka yaranka, ni na tare maka hanya. Ga shi na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran na biyu. Je ka wanke hannun nan naka ka zo ka ci, ka rame kamar sandar rake."