Ranar da Iya Ta Sha Labarin Jakinmu

Wata Laraba da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Malam Lawal ya shigo ajinmu na elementare a Kankiya ɗauke da kwalbar tawada da alƙaluman ƙarfe. Zamanin Turawa ne, takarda ba ta yara ba ce. Shekara ta kusa ƙarewa ba mu san komai ba sai kwafar baƙaƙe a sileti, mu goge da yawu. Ya raba mana falle ɗai-ɗai, ya ce kowa ya rubuta labarin wani abu na gidansu, wanda ya fi kyau za a karanta gaban Hakimi ranar ba da hutu. "Wanda ya ɓata tashi, babu wata," in ji shi.

Haushi ya kama ni. Sai yanzu da hankalinmu ya koma gona, yatsu duk sun yi kanta, za a kawo mana sabon abu? Alƙalamin nan ba ya jin magana kamar na kara da muka saba da shi a makarantar allo. In ka danna ya buɗe baki ya tsiyaye, in ka sassauta ya ƙi kamawa. Na yi ta fama har na haɗa labarin jakinmu, wanda ba ya tsallaka rafi sai an rufe masa ido. Malam ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ƙarasa a gida. Na tafi ƙauyenmu Tafashiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na gama, na shanya takardar a kan faifai, aka kore ni ɗaukar harawa. Da na dawo sai na tarar da kakata Iya, wadda ciwon gwiwa ya hana sakat, tana lasar baki, ga ƙoƙo da guntun baƙin ruwa, takardata ta zama dusa a ciki. A saninta, duk abin da aka rubuta da tawada wanke shi ake a sha.

Na fashe da kuka, na ce, "Iya, labarin jaki ne fa kika sha!"

Ta ce, "To mi? Rubutun maigidana na fari, wa zan bar ma shi? Ka ga ma ƙafar ta saki."

Malam bai ba ni wata ba. Ranar hutu ina zaune a ƙasa aka karanta na wani yaro, labarin akuya, ko daɗi babu. Na yi kwanaki ba na gaida Iya.

Yanzu jikokina suna yaga takarda su yar don harafi ɗaya ya karkace. Ni kuwa na tsufa ina rubutu, mutane su duba su ajiye. Har yau ban sake samun wanda ya yarda da rubutuna kamar Iya ba.