Ramuka Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da takwas mahaifina ya yi yana tuƙa motar ƙwai. Daga gonar kaji zuwa shaguna, daga shaguna ya koma gonar kaji, kullum ta Allah. Har gobe idan ka shigo layinmu ka tambayi sunansa na yanka ba wanda zai gane, amma ka ce Baba Mai Ƙwai, ko akuya za ta nuna maka gidan. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma mun sha jin sa har kunnuwanmu sun gaji: wai a duk shekarun nan bai taɓa sauke kiret da fasasshen ƙwai ba. Ni dai ban ƙidaya ba. Abin da na sani shi ne, idan ya ɗauke mu a mota muna yara, masu keke wuce mu suke yi suna ɗaga mana hannu. In ka yi magana ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai nake da bakin ƙarasa masa: sai dai a daɗe ba a je ba.

Da ya ajiye aiki gwiwa ta riƙe, ido ya rage. Ya koma kujerar roba a ƙofar gida, yana kallon motocin mutane yana girgiza kai. Muka ce to, ya huta. Ashe hutun ba mai nisa ba ne, don a shekarar ciwon baya ya kwantar da Umma. Likita ya ce ƙashin bayanta ne ya danne jijiya, sai an riƙa kai ta gashin ƙashi sau uku a mako. Ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in aka yi wasa da zuwa, ƙafafun za su daina ɗaukarta.

Yayana, ɗan farinsu, wanda su suke kira Babba, yana aiki a wani gari mai nisa. Da ya ji labari bai yi wata-wata ba, ya sayo musu 'yar ƙaramar mota ruwan toka. Allah ya saka masa, wallahi ya yi ƙoƙari. Sai dai Yaya mutum ne mai son abu ya yi ƙyalli. Kafin ya kawo ta sai da ya sa aka cire ƙafafunta na asali, aka ɗora mata manyan rim masu walƙiya, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, inci goma sha bakwai, da wata siririyar taya kamar an naɗa wa faranti roba. Ya tsaya gefenta ya sha hotuna. Baba ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa da ƙyar ya danna tayar da babban yatsa, ya miƙe ya ce, "Allah ya yi albarka." Daga yadda ya faɗa na san ta ciki na ciki.

Hanyar gidanmu zuwa asibiti sunanta kwalta, amma kwaltar ta daɗe da yin ƙaura. Baba ke tuƙi, ni ina baya da Umma, kanta a kafaɗata. Duk lallaɓawar Baba, tayar nan ba ta da tsokar da za ta shanye duka, kowane rami kai tsaye yake sauka a bayan Umma. Ina jin yadda take damƙe mini hannu. Leɓenta kullum yana motsi, na ɗauka tasbihi take yi. Ran nan na kasa kunne sai na ji tana cewa, "Goma sha tara... ashirin." Ramuka take ƙidayawa, don ta san saura nawa a isa. Arba'in da ɗaya ne zuwa, arba'in da ɗaya dawowa.

Wata biyu ana haka, sai ta fara kawo dalilai. Yau kanta na ciwo, gobe hadari ya haɗo, jibi ai ta ji sauƙi. Mako biyu cur ba ta taka asibiti ba. Haƙurina dama ba shi da tsawo, na ce, "Baba, don Allah a cire tayoyin banzan nan!"

Umma ta ɗago daga kwance ta ce, "Kul! Babba ya hana kansa ya saya mana, ki ce a cire? Ba a mayar da hannun kyauta baya."

"To bari in kira shi in faɗa masa."

"In kin faɗa masa ban yafe ba."

Baba ya fita ya koma kujerarsa. Gidanmu ke nan. Mutum zai mutu da ciwo saboda kunyar ɗan da shi ya haifa. Na gaji, wallahi na gaji, da jinyar da kunyar gaba ɗaya.

Wata safiya Umma ta fito daga banɗaki tana dafa bango. Silifas ɗinta na hagu ya zame ya tsaya a tsakar gida, ita ko ta ci gaba da tafiya ba ta ma ji ya fita ba. Baba yana zaune yana shan shayi. Ya dubi silifas ɗin ya daɗe. Ya ajiye kofin, ya shiga kicin, wurin da rabonsa da shi har na manta, ya fito da ƙwai ɗaya da ƙaramin faranti. Ya ce, "Auta, zo ki raka ni."

Ya ɗora farantin a kujerar baya, daidai inda Umma ke zama, ya ajiye ƙwan a tsakiya. Haka yake gwada sabuwar mota tun yana aiki. Ya ja mu a hankali, hankalin da ya fi na kullum. Rami na farko ƙwan ya motsa. Na biyu ya gangara bakin faranti. A na uku muka ji fas! Baba ya taka birki ya juyo. Ga ƙwai nan a ƙasan mota, gwaiduwa tana bin kafet. Ya zuba masa ido kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Shekara ashirin da takwas," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Ashe haka take ji."

Muka wuce wurin mai faci, wani dattijo da ake ce wa Gajere. Rumfar kwano ce, ƙasa baƙi ƙirin da man inji, ga bahon ruwan da ake neman huda, ga injin iska yana ta ƙugi. Da Baba ya faɗi abin da ya kawo shi, Gajere ya riƙe baki. "Baba, kowa zuwa yake a ƙara masa girma, kai ka zo a rage? Waɗannan fa samari har mafarkinsu suke yi."

"Samarin bayansu lafiya lau," in ji Baba. "Kawo mini rim inci goma sha uku."

Aka ɗaga mota a jak, aka gwada goma sha uku, ya ƙi zama, cikinsa yana gogar birki. Baba ya so ya yi gardama, wai tsohuwar motarsa da shi ta yi aiki. Gajere ya juya ƙafar da hannu ya ce Baba ya saurara. Muka ji ƙarfe na cin ƙarfe, Baba ya haƙura. Aka dawo goma sha huɗu, baƙin ƙarfe mummuna, wanda ko ɓarawo ba zai kalla ba, aka ɗora masa taya mai kauri. Baba bai yarda ba sai da ya sa igiya ya auna tsayinta da na waccan, ya ga sun zo daidai. Ya ce in ta gajarta, maleji zai riƙa ƙarya, cikin motar kuma ya riƙa dukan ƙasa. Ya karɓi sifana wai shi zai ɗaure notin da kansa. Ya ɗaure biyu, da ya zo miƙewa ya kasa. Ni da Gajere muka ɗaga shi. Ranar na san mahaifina ya tsufa, kuma abin ya yi mini ciwo.

Ya sayi wani ƙwan a shagon da ke gefe. Har muka iso gida ƙwan yana zaune a farantinsa. Manyan rim ɗin kuwa, Baba ya wanke su tas, muka jera su a sito, ya lulluɓe su da tsohon zani.

Kamar an aiko shi, ranar Asabar sai ga Yaya ba sanarwa. Ko jakarsa bai ajiye ba ya tsaya a kan motar. "Wa ya yi wannan aika-aikar? Haba Baba! An mayar da ita kamar motar kwasar kaji!"

Maganar ta fita kafin ya tuna da motar da ta ciyar da shi har ya zama mutum. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Litinin akwai asibiti. Kai za ka zauna da ita a baya."

Ran Litinin sai da muka yi ta lallashi kafin Umma ta shiga motar. Na zauna gaba. Yaya yana baya ya kumbura, fuska a waje. Ina kallon Umma ta madubi, ta runtse ido, leɓe ya fara motsi. Rami na farko ya wuce da wani ɗan dum mai laushi. Na biyu ma haka. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana bin gefen kowane rami kamar yadda ya yi rabin rayuwarsa. Masu keke suka wuce mu, yau ban ce komai ba.

A ƙofar asibiti ya kashe mota. Umma ta buɗe ido, kanta a kafaɗar Yaya, ta dubi ginin da mamaki.

"Har mun iso? Ni fa a bakwai na tsaya."

Yaya ya ce, "Bakwai me, Umma?"

Umma ta harare ni ta madubi, na gane gargaɗin sarai, amma na riga na gaji. Na ce, "Ramuka, Yaya. Arba'in da ɗaya ne. Wata biyu tana ƙidaya su a bayanta, ta hana a faɗa maka."

Yaya ya dubi Umma, ta sunkuyar da kai. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya durƙusa gaban baƙar ƙafar nan, ya sa babban yatsa ya danna tayar. Ya daɗe a durƙushe bai ɗago ba, kafaɗunsa suna rawa.

Baba bai saki sitiyarin ba. Ya ce, "Babba, tashi ka kama ta ku shiga, kada layi ya wuce ta. A hankali dai. Ni zan ɗan zauna a nan."